Waya Tana Zana Giraf Cikin Daƙiƙa Ɗaya: To Mu Mene Ne Aikinmu?



Duk wanda ya taɓa zana giraf a darasin lissafi ya san aikin da ke ciki. Sai ka nemo takardar giraf, ka feƙe fensir, ka ja layin kwance da na tsaye, ka yi ta ƙirga ƙananan gidaje har idonka ya kawo ruwa. Kafin ka gama sa ɗigo biyar an buga ƙararrawa. Yanzu kuma labari ya bazu cewa akwai manhajojin intanet da ke yin wannan aiki kafin ƙiftawar ido, har suna warware lissafin nan da yayyenmu na babbar sakandare suke kira kalkulas. Labarin gaskiya ne. Wasu sun ji daɗi, sun ce shi ke nan an huta da aikin gida. Wasu kuma sun ce ai wannan satar amsa ce, bai kamata ɗalibi ya kusance ta ba.

Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Manhaja tana amfanar wanda ya riga ya san irin zanen da yake jira ya gani. Wanda bai sani ba, ko ta zana masa shirme ba zai gane ba, haka zai kwafa ya kai wa malam. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, mene ne giraf?

Giraf hoton lissafi ne. Yana nuna yadda abu ɗaya yake canzawa idan wani abin ya canza.

A ce a gidanku a nan Kambarawa akwai tanki, saura lita 50 na ruwa a cikinsa. Mai ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida, kowace jarka tana cin lita 25. Kafin ya juye komai, ruwan tanki lita 50 ne. Ya juye jarka 1, ya zama 75. Jarka 2, ya zama 100. Jarka 4, ya zama 150. Jarka 10, ya zama 300.

Maimakon mu yi ta lissafawa ɗaya bayan ɗaya, sai mu kira adadin jarkoki x, mu kira ruwan tanki y. Duk labarin zai koma layi guda: y = 25x + 50. Wannan shi ne ikweshan. Yanzu sai a jera lambobin jarkoki a layin kwance, lambobin lita a layin tsaye, kowace jarka da ruwanta a sa musu ɗigo ɗaya. Idan aka haɗa ɗigogin, za a ga miƙaƙƙen layi yana hawa sama.

Kowace lamba a ikweshan ɗin tana da aikinta a cikin zanen. 50 ita ce wurin da layin ya yanki layin tsaye, wato ruwan da aka tarar. 25 kuma ita ce hawan layin: duk taku ɗaya zuwa dama, layin zai hau 25. Da jarkokin ƙanana ne masu lita 10, da layin ya fi kwanciya. Ku riƙe kalmar nan ta hawa, za mu dawo kanta.

Wannan dabara ta haɗa lissafin haruffa da zane ta shahara ne daga wani Bafaranshe, René Descartes, wanda ya buga bayaninta a shekarar 1637. Shi kuwa lissafin aljebra ya girmi haka nesa. Sunansa ma daga Larabci ya fito, daga littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Manhajojin da ake magana a kansu

Guda uku ne suka fi suna.

Ta farko GeoGebra. Wani ɗalibin jami'a mai suna Markus Hohenwarter ne ya fara ta a 2001 a Jami'ar Salzburg da ke ƙasar Ostiriya, a matsayin aikin digirinsa na biyu. Tana zana giraf, tana kuma zana da'ira, alwatika da kusurwoyi.

Ta biyu WolframAlpha. Kamfanin Stephen Wolfram da ke jihar Ilinoyi a Amurka ne ya buɗe ta a watan Mayun 2009. Ita ba kamar Google take ba, da zai jero maka shafukan da za ka je ka nema. Tambayar take karantawa, ta lissafa da kanta, ta ba ka amsa da zane. Da Turanci ake rubuta mata umarni: plot idan zane kake so, solve idan warwarewa kake so. Amsar kyauta ce, amma cikakken bayanin mataki-mataki sai an biya kuɗi.

Ta uku Desmos, wadda Eli Luberoff ya kafa a Amurka a 2011. Ita ta fi sauƙi ga ɗan ƙaramar sakandare, domin kana rubutu layin yana fitowa.

Akwai bambanci ɗaya da ya shafi aljihu. WolframAlpha ba ta aiki sai da data, saboda lissafin a can kwamfutocin kamfanin ake yin sa. GeoGebra da Desmos kuwa idan an sauke su a waya sau ɗaya, za su ci gaba da zana giraf ko babu data. Yawancinmu ba mu da wayar kanmu, sai ta Baba ko Mama ko Yaya, ita ma sai an nemi izini. Saboda haka ya fi kyau a sauke ɗaya daga cikin biyun nan a ajiye.

Kada a ɗauka akwai siddabaru a ciki. Abin da muke yi a takarda shi manhajar take yi: ta ɗauki x, ta lissafa y, ta sa ɗigo. Mu ɗigo biyar ko shida muke sawa mu gaji. Ita tana sa ɗaruruwa a lokaci guda, ta haɗa su. Sauri ne kawai ta fi mu.

Yadda ake gwadawa

Buɗe Desmos, ka rubuta y = 25x + 50. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne layin zai fito kamar sandar da aka kafa a tsaye, ba kamar na littafinka ba. Ba kuskure ba ne. Manhajar tana buɗewa ne da ɗan ƙaramin fili, lambobinsa ba su wuce goma ko ashirin ba, mu kuwa lissafinmu ya kai 300. Sai ka shiga wurin saiti, ka ce layin kwance ya tashi daga 0 zuwa 12, layin tsaye daga 0 zuwa 350. Nan take zanen zai zauna daidai. Wannan shi ne zaɓen sikeli da malam yake ta nanata mana a aji. Manhaja ba ta ɗauke mana shi ba.

Daga nan sai ka goge, ka rubuta y = mx + c. Desmos za ta ba ka damar sa wani ɗan maɓalli da ake ja da yatsa ga m, wani ga c. Ja na c, za ka ga layin gaba ɗaya yana hawa yana sauka ba tare da ya karkata ba. Ja na m, za ka ga yana miƙewa yana kwanciya. Idan m ta zama 0, layin ya kwanta shamal. Idan ta koma ƙasa da 0, sai ya juya yana gangarowa, kamar tankin da ake ɗibar ruwa a cikinsa. Kafin ka ga wannan a takarda sai ka zana giraf goma. A waya minti biyu ya isa. A nan ne manhaja ta fi amfani: gani ya kori ji.

Idan layi biyu suka haɗu

'Yan aji uku sun san ikweshan biyu da ake warwarewa tare. Ga amfaninsu a rayuwa. Farashin da ke tafe misali ne kawai.

A ce za a yi biki a gidanku, ana neman hayar kujeru. Mai haya na farko ya ce naira 50 kowace kujera, amma sai an ba shi naira 2,000 kuɗin kawowa. Na biyu ya ce naira 70 kowace kujera, kawowa kyauta. Wanne ya fi araha?

Na farko: y = 50x + 2000. Na biyu: y = 70x. Rubuta su duka biyu, ka gyara sikeli. Layin na biyu zai fara daga ƙasa, amma ya fi hawa, don haka zai cim ma na farko. Taɓa wurin da suka gitta juna, manhajar za ta nuna maka 100 da 7,000. Ma'ana, a kujera 100 kuɗinsu ɗaya ne, naira 7,000. Idan kujerun ba su kai 100 ba, na biyu ya fi sauƙi. Idan sun haura, na farko ya fi. Mu tabbatar da hannu: kujera 60 a wurin na farko 5,000 ne, a wurin na biyu 4,200. Kujera 200 kuma na farko 12,000, na biyu 14,000. Kun ga amsar ba "wannan" ko "wancan" ba ce. Amsar ita ce, mutum nawa aka gayyata?

Ku lura, manhajar ba ta san biki ba, ba ta san kujera ba. Kai ne ka mayar da maganar masu haya ikweshan, kai ne kuma ka fassara ɗigon da ta nuna ya koma shawarar da za a ba Mama.

To shi kalkulas fa?

Sunan yana ba mutane tsoro, amma tambayar da yake amsawa kowa ya santa.

Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. A ce mota ta yi tafiyar cikin awa biyu da rabi. Idan aka raba 170 da 2.5, za a samu kilomita 68 a awa. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san motar ba ta tsaya a 68 tun daga tasha har Kano ba. A cikin Charanchi da Kankia tana rage gudu, a Tsanyawa wataƙila ta tsaya sauke fasinja, tsakanin gari da gari kuma direba ya taka. 68 matsakaicin gudu ne. Allurar da ke gaban direba ita ke nuna gudun wannan daƙiƙar. Lissafin da muke yi yanzu yana ba mu matsakaici. Kalkulas shi ke ba da abin da allura take nunawa.

A zane, maganar ta koma kan hawa. Miƙaƙƙen layi hawansa ɗaya ne ko'ina, kamar 25 ɗin mai ruwa. Lanƙwasasshen layi kuwa hawansa yana canzawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Rabin kalkulas na farko neman hawan layi ne a kan ɗigo guda.

Ga misalin da za mu iya bi da ƙafarmu. A ce an sayo raguna za a yi kiwo kafin Babbar Sallah. Akwai ragar ƙarfe mai tsawon mita 20, ana so a kewaye musu wuri mai kusurwa huɗu a jikin katangar gida. Katanga ta tare gefe ɗaya, raga za ta tare uku. Yaya za a lanƙwasa ragar ragunan su fi samun fili?

Mu kira tsawon kowane gefe da ya fito daga katanga x. Gefe biyu ne, sun ci 2x. Saura 20 − 2x na gefen da ke fuskantar katanga. Faɗin fili shi ne tsawo sau faɗi: y = x(20 − 2x). Mu yi jadawali, fili a murabba'in mita:

x = 1, fili 18
x = 2, fili 32
x = 3, fili 42
x = 4, fili 48
x = 5, fili 50
x = 6, fili 48
x = 7, fili 42

Dubi ƙarin da ake samu. Daga 1 zuwa 2 fili ya ƙaru da 14. Daga 2 zuwa 3 da 10. Sai 6, sai 2. Daga 5 zuwa 6 kuma ya ragu da 2. Hawan yana ta raguwa har ya ƙare, sannan gangara ta fara. Idan ka rubuta ikweshan ɗin a manhaja, za ka ga zane kamar ƙwaryar da aka kife. Taɓa ƙololuwarsa, za ta nuna 5 da 50.

Amma mai tambaya zai ce, mun gwada 4 da 5 da 6, ina 4.9 ko 5.1? Wa ya ce ba su fi ba? Nan kalkulas yake shigowa. Idan ka rubuta wa WolframAlpha derivative of x(20 − 2x), za ta ba ka 20 − 4x. Wannan sabon ikweshan shi ne hawan zanen a kowane ɗigo. A x = 1 hawan 16 ne, da ƙarfi yake hawa. A x = 4 ya koma 4, ya kusa gajiya. A ƙololuwa ba hawa ba gangara, wato hawan 0 ne. To 20 − 4x = 0 lissafin aji ɗaya ne: x = 5. Babu wata lamba da ta fi ta. A fito da mita 5 daga katanga ta kowane gefe, a bar mita 10 a gaba, raguna su samu murabba'in mita 50.

Rabin kalkulas na biyu kishiyar wannan ne. A ce famfo ya kawo ruwa da ƙarfi da asuba, ya yi ta raguwa har ya ɗauke da hantsi. Lita nawa suka taru? Ba za a ninka lamba ɗaya da awowi ba, tunda ƙarfin ruwan bai tsaya wuri ɗaya ba. Sai a yanka lokacin gutsi-gutsi, a lissafa ruwan kowane gutsure, a tara. A zane, wannan shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin layi.

Mutum biyu ne suka tsara kalkulas, kowa ya yi nasa daban: Isaac Newton ɗan Ingila da Gottfried Leibniz ɗan Jamus. Leibniz ya fara buga nasa a 1684, kuma alamomin da ya ƙirƙiro su ake rubutawa har yau. Injiniyoyi, likitoci da masana tattalin arziki duk suna aiki da shi. Duk wanda yake burin karanta kimiyya ko injiniya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, zai tarar da shi yana jiransa a shekarar farko. Ƙofar shigarsa kuwa ita ce giraf ɗin nan da muke ƙorafi a kai.

Wurare huɗu da ake faɗawa rami

Manhaja abin da aka rubuta mata take amsawa, ba abin da ake nufi ba.

Na ɗaya, baka biyu. Wanda ya yi sauri ya rubuta y = 20x − 2x a maimakon y = x(20 − 2x), manhajar ba za ta ce masa komai ba. Za ta zana masa miƙaƙƙen layi mai hawa har abada, domin abin da ya rubuta 18x ne. Wanda ya yi jadawali ya san ƙwarya kifaffiya yake jira, nan take zai gane. Wanda bai yi ba zai kai wa malam zanen da ke cewa ragar mita 20 za ta iya kewaye Katsina.

Na biyu, layin rabawa. A Desmos idan ka danna 1, ka danna alamar rabawa, ka danna 2, ka zarce da x, to x ɗin zai faɗa ƙasa tare da 2. Kai kana nufin rabin x, wanda miƙaƙƙen layi ne, ita kuma ta zana maka lanƙwasassun layuka biyu da ba su taɓa juna ba. Sai ka fito daga ƙasan layin rabawar kafin ka sa x.

Na uku, alamar ɗebewa. −3² amsarsa −9 ce, (−3)² kuma 9. Baka biyu kawai ya raba su.

Na huɗu, zanen da ya wuce hankali. Layin mai ruwa yana ci gaba ta hagu zuwa jarka −2 da −3, ta dama kuma har jarka dubu. Babu mai ruwan da ya taɓa kawo jarka −3, kuma idan tankin lita 500 yake ci, a jarka 18 ya cika. Zanen raguna ma yana nutsewa ƙasa da sifili bayan x = 10. Manhaja ba ta san tanki yana cika ba. Kai za ka ce mata daga nan zuwa nan ne lissafin yake da ma'ana.

A duka huɗun manhajar ba ta yi kuskure ba. Kuma a duka huɗun wanda ya tsira shi ne wanda ya fara da takarda.

Ranar jarrabawa

A Amurka akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, wadda yanzu ake yi a kwamfuta, kuma an sa Desmos a cikinta. A nan ba haka ba ne. A jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da ta WAEC da ta NECO, ba a shiga da waya. Wanda aka kama da ita laifin satar jarrabawa ya hau kansa. Abin da zai kasance a gabanka shi ne takardar giraf, fensir, rula da abin da ke cikin kanka. Kuma maki ba na amsar ƙarshe ba ne kaɗai. Ana duba jadawali, ana duba sikeli, ana duba ɗigogi da yadda aka ja layi.

Wanda ya shekara yana kwafar aikin gida daga waya zai ci goma bisa goma kullum, malam ya ɗauka ya iya, shi ma ya ɗauka ya iya. Sai ranar da aka raba takarda. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne wannan:

1. Karanta tambayar, ka rubuta ikweshan da hannunka.
2. Yi jadawali na ɗigo biyar aƙalla.
3. Kafin ka taɓa waya, faɗa wa kanka: miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe? Hawa yake ko gangara? A ina zai yanki layin tsaye?
4. Zana naka a takarda.
5. Sai yanzu ka buɗe manhaja ka kwatanta.
6. Idan sun yi daidai, canza lamba ɗaya, ka yi hasashen abin da zai faru, ka duba.
7. Idan sun saɓa, kada ka goge naka tukuna. Nemo inda suka rabu. Wani lokaci ɗigonka ne ya kauce, wani lokaci yatsanka ne ya rubuta wa waya ba daidai ba. Idan ya gagara, kai wa malam duka biyun.

Wanda babu babbar waya a gidansu kada ya karaya. Matakai huɗu na farko su ne ainihin karatun, kuma ba sa buƙatar caji. Mutum huɗu ko biyar za su iya haɗuwa, kowa ya zana nasa, sannan a duba a waya ɗaya. Masu waya kuma su tuna da dokar makaranta, a bar ta a gida.

Lissafi ba baƙo ba ne a garin nan

Wasu suna cewa lissafi na Turawa ne, mu ba mu gada ba. Kusan shekara 300 da suka wuce, wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato al-Katsinawi, ya bar gida ya tafi aikin Hajji. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimin lambobi, irin wanda ake jera lambobi a gidaje, ko ta ina aka tara a samu jimla ɗaya. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu nazarin tarihin lissafin Afirka suna ambaton sunansa. Ba shi da manhaja, ba shi da kalkuleta. Alƙalami ne da tawada da haƙuri. Mu da muka samu abin da ke zana ɗigo ɗari kafin mu ɗaga ido, bai kamata mu fito ba mu iya sa biyar ba.

Gwada kanka

Ga tambayoyi biyu. A fara da takarda, waya ta biyo baya.

Ta ɗaya: an ƙaro raga ta zama mita 24, katangar tana nan yadda take. Rubuta ikweshan, yi jadawali, ka faɗi mita nawa za a fito daga katanga, kuma fili nawa raguna za su samu.

Ta biyu: jera lambobi 1 zuwa 9 a hatimi mai gida uku-uku, ta yadda a kwance, a tsaye da a karkace jimlar za ta zama 15.

A rubuta suna da aji, a haɗa da takardar giraf ɗin da aka zana da hannu, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za a liƙa zanen da ya fi tsabta a nan jikin allo a fitowa ta gaba. Amsa ba jadawali ba za a karɓa ba.

Wassalam.